Filin Masu Karatu: Tsohon Tangaran, Daga Jeren Kaka Zuwa Farantan Shekara

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo daga Katsina da Daura suke, kuma duk a kan abu ɗaya, wato tsohon tangaran, wanda iyayenmu ke kira faɗi-ka-mutu. Mun taƙaita tambayoyin, amsa kuwa mun bar kowace ta ci gwargwadon bukatarta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kakarmu ta rasu ta bar jere cike da kabad biyu, farantai da kofuna da butocin shayi. Dillaliya ta ce duk tangaran ɗaya ne, za ta saye su a dunƙule. Yaya zan gane mai daraja a cikinsu?
Wata uwargida, Rafin Daɗi, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta. Kada ki sayar a dunƙule tukuna, domin abin da muke haɗawa mu kira tangaran aƙalla iri huɗu ne.

Na farko shi ne tangaran na ainihi. Ana yin sa da farin yumɓu mai suna kawolin, irin wanda ake haƙowa a Ƙanƙara, a gauraya da garin dutse mai narkewa, a gasa a wuta mai zafin digiri 1,300 zuwa 1,400 har jikinsa ya koma kamar gilas. Mutanen Sin ne suka fara yin sa, garin Jingdezhen ne cibiyarsa, Turai kuwa ba ta gano sirrin ba sai dab da kafa masana'antar Meissen a Jamus a 1710. Na biyu shi ne tangaran mai tokar ƙashi, wanda Josiah Spode ya daidaita haɗinsa a Ingila a shekarun 1790. Shi ne za ki ga an rubuta masa "Bone China". Na uku kayan yumɓu ne na yau da kullum da aka lulluɓe da siririyar fatar gilas don su yi sheƙi, wutarsu ba ta kai ta tangaran ba, kuma yawancin farantan Ingila masu kauri da aka riƙa sayarwa a kantunan da, irin su Kingsway da UAC, daga wannan jinsi suke. Na huɗu ma ba yumɓu ba ne sam, farin gilas ne, irin Arcopal na Faransa.

Gwajinsu ba wuya. Ki shiga ɗaki mai duhu, ki manna tocilan ɗin waya a bayan farantin. Tangaran na ainihi haske zai ratsa shi, fari mai ɗan shuɗi, na ƙashi kuma haskensa ya fi yawa, launinsa kamar na madara, har inuwar yatsunki za ki gani. Kayan yumɓu haske ba ya ratsa su ko kaɗan. Sai ki ɗora farantin a kan yatsu uku ki ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayyen tangaran ƙara yake yi mai tsawo kamar ƙararrawa. In kika ji sauti ya mutu nan take, ko dai yumɓu ne, ko akwai tsaga a ɓoye. Na ƙarshe, ki kifa shi ki ɗiga ruwa a zoben gindinsa, inda babu sheƙi. Idan ya tsotse ruwan, yumɓu ne.

Tunda kin kifa shi, to ki tsaya nan, domin labarin faranti a bayansa yake, ba a furannin gabansa ba. Tun 1891 dokar Amurka ta tilasta a riƙa rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito a jikin duk wanda za a shiga da shi can, shi ya sa hatimi, wato tambarin da ke bayan faranti, ke taimakawa wajen sanin zamani. Kalmar "England" ita kaɗai tana nuna bayan 1891, "Made in England" kuwa galibi ƙarni na ashirin ne. "Nippon" na kayan Japan ne daga 1891 zuwa 1921. "Made in Occupied Japan" daga 1947 zuwa 1952. "West Germany" tsakanin 1949 da 1990. "Czechoslovakia" ba zai riga 1918 ba, kuma ba zai wuce 1992 ba. Duk wanda aka rubuta masa cewa ana iya sa shi a na'urar ɗumama abinci, bai girmi shekarun 1970 ba.

Akwai wuri ɗaya da mutane da yawa ke ruɗuwa. Shekarar da ke cikin hatimi ba lalle ita ce shekarar da aka yi farantin ba. Sau da yawa shekarar kafa kamfani ce, ko ta fitar da zanen. Ga misali, zanen jajayen wardi da rawaya na Royal Albert, "Old Country Roses", wanda ya cika jeren gidaje da yawa, a 1962 ya fito, kuma ana buga 1962 ɗin a bayan waɗanda aka yi shekaru masu yawa daga baya. A 2002 ma aka mayar da aikinsa Indunusiya, don haka masu tarawa sun fi neman masu ɗauke da sunan Ingila. Haka nan rubutun Sinanci mai haruffa shida da ke ambaton wani sarkin da, ko takubba biyu a gicciye na Meissen, an kwaikwaye su ba adadi. Hatimi shaida ne guda ɗaya, sai nauyi da laushin jiki da tsabtar zane sun gaskata shi.

Ki samu littafi, ki ba kowane abu lamba, ki rubuta hatiminsa da faɗinsa da aibinsa, ki ɗauki hoton gaba da baya. Bayan haka ne za a yi maganar ciniki, kashi-kashi.

TAMBAYA: Na sayi farantai tara masu launin shuɗi a wurin masu gwanjo. Kowane da hoton gari cikin ƙanƙara, an rubuta "Jule Aften" da shekara, daga 1971 zuwa 1979. A baya akwai hasumiya uku da haruffan B da G. Mai sayarwa ya ce dukiya ce. Haka ne?
Wani malamin makaranta, Daura

AMSA: Malam, abin da ka saya na gaske ne, amma ba dukiya ba ce. Farantan Kirsimeti ne na kamfanin Bing & Grøndahl na ƙasar Denmak, rubutun kuma yana nufin daren jajiberin Kirsimeti. Kamfanin ya fara fitar da su a 1895, faranti ɗaya kowace shekara da sabon zane, kuma a kan fasa mazubin bayan an gama, don kada a sake yin na wannan shekara. Royal Copenhagen, wanda hatiminsa layuka uku ne masu kama da igiyar ruwa, ya bi sahu a 1908, sannan a 1987 kamfanonin biyu suka haɗe. Rosenthal na Jamus ya fara nasa a 1910, Wedgwood na Ingila a 1969.

Aikinsu mai kyau ne ƙwarai. Zanen a cikin mazubi ake sassaƙa shi, shi ya sa in ka shafa za ka ji tudu da kwari. Launin guda ɗaya ne tak, shuɗin sinadarin kobal, yawansa ko ƙarancinsa ne ke ba da duhu da haske. Ana shafa shi kafin a lulluɓe da fatar gilas, saboda haka rana ba ta kashe shi, wanki ba ya goge shi. Faɗinsu wajen santimita 18 ne, kuma in ka duba zoben gindi za ka ga ƙananan huji biyu na zura igiya, domin na bango ne, ba na tuwo ba.

Batun kuɗi kuwa, yawa ne ke karya farashi. Na 1895 ɗaruruwa kaɗan aka yi, shi ya sa yake kai dubban daloli a wuraren gwanjon Turai. Na shekarun yaƙin duniya na biyu ma suna da ɗan tsada. Amma shekarun 1970 lokaci ne da sha'awar tara farantai ta kama Turai da Amurka kamar zazzaɓi, aka yi ta buga su da yawan gaske, mutane suka saya suna zaton jari ne. Da 'ya'yansu suka gaje su, sai suka zubo su kasuwa gaba ɗaya, kuma daga cikin wannan ambaliya naka suka biyo kwantenar gwanjo suka iso Daura. Kowane ɗaya ba zai wuce kuɗin farantin cin abinci mai kyau ba sosai. Abin da ke ƙara musu armashi shi ne sun zo a jere shekara tara babu giɓi, don haka kada ka raba su.

Ka duba abu biyu. Idan an karce hatimin da gajeren layi mai zurfi a cikin fatar gilas, alama ce ta masana'anta cewa farantin na daraja ta biyu ne, yana da ɗan aibi, farashinsa ya ragu. Sannan ka haska su da tocilan mai shuɗin haske, irin wanda ake duba takardar kuɗi da shi. Wurin da aka liƙe ko aka yi wa fenti zai fito da wani launi dabam.

Wani abu kuma da ya kamata Musulmi mai sha'awar tara su ya sani: yawancin zanen gidaje ne da itatuwa da tsuntsaye da jiragen ruwa, amma akwai masu coci da mala'iku da sauran alamun addininsu, na Royal Copenhagen na 1908 ma hoton Maryam ne da jariri. Ka kalli zane kafin ka biya. In tara na shekara-shekara ne ya ba ka sha'awa, muna da namu a kusa. Farantan tsarabar Makka masu hoton Harami, da na tunawa da bukukuwa irin na naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, suna nan a gidajen tsofaffin alhazai da ma'aikatan En'e. A ganinmu faranti da aka san wanda ya kawo shi da shekarar da ya sauke farali ya fi wanda ba a san daga gidan wa ya fito ba.

TAMBAYA: Ina so in fito da tsofaffin farantan mahaifiyata masu bakin zinare in zuba wa baƙi abincin Sallah. Akwai matsala? Kuma na ji an ce ana sa ƙashi a cikinsu.
Wata ma'aikaciya, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin ta shafi lafiya. Tsofaffin masana'antu sun yi amfani da dalma a fatar gilas da launukan ado, ja da rawaya da ruwan lemo kuma sau da yawa akwai sinadarin kadmiyom a cikinsu. A Amurka ma sai a 1971 aka fara ƙayyade yawan dalmar da kwano zai iya saki. Mu nan ba baƙi ba ne ga sharrin wannan guba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ta faranti ba ta kai wannan yawa ba, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma babu wani ɗan adadi da aka ce ba ya cutar da yaro.

Ki shafa zanen da yatsa, ki karkata farantin wajen haske. Idan ko'ina sumul yake, sheƙin ya bi ta kan zanen bai yanke ba, to launin yana ƙarƙashin fatar gilas, haɗarinsa kaɗan ne. Idan kuwa kin ji zanen ya ɗan taso, ko sheƙinsa ya bambanta da na sauran wurin, ko ya fara kojewa, to a sama yake, abinci na taɓa shi kai tsaye. Tsami da zafi da daɗewa su ne ke jawo dalma ta fito, kuma abincinmu cike yake da tsami: zoɓo, kunun tsamiya, fura da nono, miyar tumatir, lemun tsami. Kada ɗayansu ya shiga tsohon kwano mai ado a ciki, balle ya kwana. Busassun abubuwa kamar cincin da dabino da dubulan da alkaki, ki shimfiɗa takarda ko farin ƙyalle ki zuba, ba laifi. Yara da masu juna biyu a ba su nasu a wani kwanon dabam. Wanda fatar gilas ɗinsa ta tsattsage kamar saƙar gizo ya gama aikin abinci, saboda mai da ƙwayoyin cuta na shiga tsagar, sabulu ba ya kai musu. Farantan ado na bango kuma wasu an rubuta musu a baya cewa ba na abinci ba ne, a ɗauki wannan rubutu da gaske.

Bakin zinaren na gaske ne, amma siriri ne ƙwarai, ba abin da za a kankare a kai wa maƙeri ba. Kada ya shiga na'urar ɗumama abinci, tartsatsi zai yi ya ƙone.

Ƙashi kuwa gaskiya ne, a cikin irin da aka rubuta wa "Bone China". Kusan rabin haɗin tokar ƙashi ce, galibi na shanu, wanda aka ƙone a wuta mai zafin digiri wajen 1,000 har ya zama farin gari, sannan aka sake gasa shi cikin yumɓu. Malamai na tattauna irin wannan a babin istihala, wato sauyawar abu daga asalinsa, haka ma hukuncin cin abinci a kwano mai shafen zinare akwai bayani a kansa. Mu namu bayyana yadda aka yi kayan ne, ki kai wa malaminki wannan bayani ya ba ki fatawa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, tangaran na ainihi na Jamus ko Denmak ko Sin babu ƙashi a cikinsa.

TAMBAYA: Duk hunturu ƙura na cika min jere, in na goge sai in ga zinaren na raguwa. Wasu farantan kuma sun yi ruwan ƙasa-ƙasa daga ciki. Na sa bilic, sai abin ya ƙaru.
Wata matar aure, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: 'Yar'uwa, ƙurar hunturu garin yashi ce mai laushi. Duk sanda kika bi ta da busasshen tsumma, tamkar kin sa sanfefa ne. Ki fara kaɗe ta da burushi mai taushi, irin na kwalliya, sannan ki wanke.

Wankin kansa a robar wanki za a yi, ba a tasa ko daro ba, ki shimfiɗa tawul a ƙasanta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda hannu ke jurewa, da ɗigo uku ko huɗu na sabulun ruwa na wanke-wanke. Ki cire zobe da awarwaro. Faranti ɗaya a lokaci guda, da soso mai laushi, ki ɗauraye da ruwa mai irin wannan ɗumi, ki tsane nan take da ƙyallen auduga. Ruwan zafi a kan faranti mai sanyi da safiyar Janairu shi ke jawo tsaga, don gefe ɗaya na buɗewa kafin ɗayan. Toka da yashi da kanwa da garin sabulun wanki da soson ƙarfe, waɗanda suka dace da tukunya, duk abokan gabar zinare ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse in ya bushe a jiki yana barin farin tabo, shi ya sa tsanewa da wuri ke da amfani.

Tabon shayi a cikin kofi, ki kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ki shafa da yatsa a hankali, ki kauce wa bakin zinare. Amma ruwan ƙasa-ƙasan da kika ambata a ƙarƙashin fatar gilas yake, tsohon mai ne ya bi ta tsaga ya shiga jikin yumɓu. Bilic na shiga ta wannan hanya, ya bushe ya zama gishiri a ciki, gishirin ya riƙa turo fatar gilas har ta fara ɓarewa. Wanda kika riga kika sa wa, ki jiƙa shi a ruwa mai tsabta na mako guda, kina canja ruwan kullum. Bayan haka ki sayi ruwan haidurojin na kemis, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, wanda ake wanke ciwo da shi. Ki zuba a roba mai murfi har ya rufe farantin, ki ajiye a inuwa nesa da yara, ki riƙa dubawa kowane kwana biyu. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. In tabon ya fita, ki sake jiƙa shi a ruwa na wasu kwanaki, ki bar shi ya bushe da kansa. Kada ki haɗa haidurojin da bilic ko wani sinadari, kuma kada ki yi wannan jiƙo ga faranti mai zinare ko wanda aka taɓa liƙewa.

TAMBAYA: Za mu kai wa ɗiyata kayan ɗaki daga Katsina zuwa Daura, har da tsohon saitin da na gada. Yaya za mu ɗaure, kuma yaya za a jera?
Wata Hajiya, Sabon Layi, Katsina

AMSA: Allah ya sanya alheri, Hajiya. A naɗe kowane faranti shi kaɗai da farar takarda ko tsohon zane, ba jarida ba, don tawada na kama zoben gindi. A cikin kwali a tsaye ake sa su bisa gefe, ba a kwance ba, haka suka fi jure gargadar hanya. A sa soso ko tsumma mai kaurin santimita 5 ta kowane ɓangare, a cike duk wani gurbi har sai an girgiza kwalin ba a ji motsi ba. Murfi dabam, buta dabam. Kwalin ya zauna a kujerar mota, kada ya bi gado da kujeru a bayan a-kori-kura.

Wajen jere, kada tari ɗaya ya wuce faranti shida zuwa takwas, da ƙyalle tsakanin kowane biyu, saboda gindin na sama kaushi ne da shi, yana karce fuskar na ƙasa. Babban faranti ɗaya na kai gram 600 zuwa 700, goma sha biyu sun doshi kilo 8, don haka masu nauyi su zauna a kantar ƙasa ta katako, gilashin shogilas kuwa kada kaurinsa ya gaza milimita 6. Ba a rataye tsohon kofi ta hannunsa, nan ne mahaɗa mafi rauni. Wanda za a kafa a bango, a nemi maratayi mai rufin roba a ƙugiyoyinsa, kuma a guji mai liƙewa da gam a baya, zafin Afrilu da Mayu a ƙarƙashin rufin kwano na sake shi. A ɗaga kabad daga ƙasa, a riƙa leƙa bayansa saboda gara.

TAMBAYA: Murfin butar shayi ya faɗi ya rabu uku. Na liƙe da sufa gulu, ya karkace.
Wani ɗan kasuwa, Tudun Wada, Daura

AMSA: Alhaji, sufa gulu na kamawa kafin hannu ya daidaita, shi ne dalili. Ka jiƙa murfin a asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, cikin kwalba mai murfi nesa da wuta, har gutsattsarin su rabu da kansu. Ka goge bakin kowane tas, kada ka taɓa shi da yatsa bayan nan, maiƙon hannu na hana gam kamawa. Ka gwada haɗa su ba tare da gam ba don ka san wanda zai fara shiga, domin in ka kuskure tsari na ƙarshen ba zai samu hanya ba.

Ka sayi gam mai kwaɓi biyu, irin Araldite, marar launi, mai bushewa a hankali, ba na minti biyar ba, wanda ke saurin komawa rawaya. Ka kwaɓa daidai wa daida, ka shafa siriri a gefe ɗaya kawai da tsinken sakace. Yawan gam ne ke raba tsaga ta fito fili. Ka matse, ka bi mahaɗar da farce, in ya sarƙe to ba su daidaita ba. Ka ɗaure da salatif a gicciye da tsagar, ka dasa abin a kwanon gero ko yashi yadda gutsuren sama zai danne na ƙasa da nauyinsa. Guda biyu yau, na uku gobe, kowane awa 24. Da safe za ka yi aikin, zafin rana na sa gam ya daskare da wuri. Abin da ya tsatso waje a kankare da reza bayan ya bushe. Daga nan murfin ya zama na ado, tururin shayi zai sake buɗe shi. In za ka sayar, ka faɗa wa mai saye an liƙe.

Idan ka gamu da tsohon faranti da aka ɗinke da ƙananan ƙarafa a baya, kada ka cire su. Gyaran mutanen da ne kafin zuwan gam na zamani, kuma akwai masu tarawa da ke nemansa musamman.

TAMBAYA: Mu huɗu muka gaji saitin cin abinci na mutum goma sha biyu. Mu raba uku-uku?
Wasu 'yan'uwa, Ƙofar Sauri, Katsina

AMSA: Allah ya jiƙan magabata. Cikakken saiti ya fi jimlar gutsattsarinsa kuɗi nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi wuyar samu a cikinsa shi ne kwanon miya mai murfi da butar shayi da babban farantin nama. Ku sa mutum biyu da ba su san juna ba su yi masa kuɗi, ku sanar da mai rabon gado, ɗayanku ya ɗauka a cikin kasonsa da yardar saura. In dole sai an raba, a ware kayan shayi gefe guda, na abinci a kasa shida-shida. Kofi ba ya rabuwa da ɗan farantinsa, murfi ba ya rabuwa da uwarsa.

TAMBAYA: A tsohon soron kakanmu akwai faranti mai zane da aka dasa a tsakiyar rufi, inda bakan gizo masu riƙe da rufin suka haɗu. Rufin ya fara yoyo, za a rushe. Yaya za mu cire shi?
Wani magidanci, kusa da Kusugu, Daura

AMSA: Malam, abin da ke kanku gado ne na gini da na tangaran a haɗe. Maginan ƙasar Hausa sun daɗe suna dasa tasa ko faranti a mahaɗar baka don ƙawata soro, kuma irin waɗannan sorayen raguwa suke yi duk damina. In har magini ya ce rufin zai gyaru, gyara ya fi, domin farantin a mazauninsa ya fi daraja da ma'ana.

Idan rushewa ta zama dole, ku fara ɗaukar hoton ɗakin duka, da na farantin daga kusa, ku rubuta sunan mai gidan da abin da dattawa suka sani game da lokacin ginin. A tokare bakan da azara kafin kowa ya hau, kuma maginin gargajiya ne zai hau, ba yaro ba. A shimfiɗa katifa a ƙasa. Kada a zura wuƙa ko cizal a ƙarƙashin bakin farantin a ɓamɓaro, nan take zai tsage. A yanka ƙasar da ke kewaye da shi, tazarar yatsu huɗu daga bakinsa, mutum na biyu na tallafe da shi da roba mai tsumma a ciki, a sauko da shi tare da ƙasarsa. A ƙasa sai a riƙa ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har ƙasar ta saki da kanta, ana cirewa da tsinke da yatsa. In farantin na yumɓu ne, ya sha gishirin bango shekara da shekaru, saboda haka a jiƙa shi a ruwan sama mai tsabta na mako biyu ana canjawa kullum, a shanya a inuwa. Baƙin hayaƙin da ya rage a bar shi, kada a kankare.

Kafin ku saurari mai saye, musamman wanda zai fita da shi waje, ku kai hotunan gidan tarihi na Katsina, wanda ke tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, kuma doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izininta ba. Ku tafi da hoton hatimin baya, wanda sai yanzu za a fara ganinsa tun ranar da magini ya dasa farantin.